Namadi Ya Yaɓe Inji da Yumɓu

A Sharabi, in ka ji mutum ya ce “ni da na zauna Kwatano”, ba sai ka waiga ba, Namadi ne. Zaman nasa na Kwatano kuwa, waɗanda suka je tare da shi sun ce bai wuce tashar mota ba. Lodin albasa ya raka, ya kwana kan buhuna, ya dawo. Amma tun daga ranar ya laƙaba wa kansa suna Injiniya, har ya sa aka rubuta da jan fenti a bayan babur ɗinsa na kabu-kabu. Babu abin da bai sani ba. Rediyo nasa ne, injin niƙa nasa ne, ciwon haƙori ma yana da ta cewa. Abin da ya taɓa gyarawa ya gyaru dai, har yau ana cigiyarsa.

A shekarar nan abu guda ya tsaya wa mutanen Sharabi a rai. Bara, a filin kokawa na Illo, Ma'azu na Madikali, gwanin ƙetaren iyaka, ya ɗaga Ɗanliti, gwanin Sharabi, ya buga shi da ƙasa a gaban jama'ar ƙasa biyu. Ɗanliti ƙato ne mai jiki kamar rumbu, ga sanyin hali, duk abin da ka gaya masa ya yarda. Tun daga kayen nan bai ƙara dariya ba. Ya yi kaka, ya yi rani yana saɓar buhunan shinkafa daga fadama zuwa gari, don ya ƙara ƙarfi. To sai ga labari, Ma'azu ya ce karawar bana ce ta ƙarshe, daga ita zai rataye warki. Ke nan in Ɗanliti bai rama ranar kasuwar Illo mai zuwa ba, ya tafi da kayen nan har kabari.

Tsohon da ke ba Ɗanliti sa'a ya haɗa masa wankan magani, ya gindaya sharaɗi ɗaya: daga ƙofar gidansa har tsakiyar fili, kada tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa.

Aka zauna gindin dalbejiyar tashar 'yan kabu-kabu ana shawarar wanda zai ɗauke shi. Kowa ya nuna Sufyan, don babur ɗinsa ya fi lafiya. Sufyan ya sosa ƙeya.

“Ni ina ɗauka tai,” in ji shi, “amma ku sani, ran kasuwa ce, ga bazara, ga motocin albasa. In munka shiga cunkoso inji zahi shika yi, don iska ce abincinai. Dole in kashe shi ya huce, ku kuma ku riƙe muna mashin kada shi karkace.”

Ɗanliti ya zaro ido. “In ya karkace hwa? In ƙahwata ta sauka?”

Nan fa Namadi ya tuntsire da dariya, har da buga cinya.

“Ku ji min wanga! Mashin mai neman hutu awa jakin tsohuwa! A ɗauko gwanin gari, a tsaya da shi tsakar hanya ana yi ma inji fifita? Sufyan, ka ji kunya. Ɗanliti ƙanena, bar su. Ni nan zan kai ka in maido ka, inji bai mutu ba, bai yi zahi ba, ƙahwarka ba ta san akwai ƙasa ba.”

“Da wane mashin?” in ji Sufyan. “Naka da ba a tada shi sai da turi da salati?”

“Da ilimi. Abin da ba ka da shi.”

Mutane suka yi ta ƙifta wa Ɗanliti ido, ina! Shi dai ya ji an ce inji ba zai mutu ba, ya ce Injiniya yake so.

Gaskiyar magana, lokacin da Namadi ya cika bakin nan ba shi da ko dabara ɗaya a kansa. Sai da ya koma gida ya ɗebi ruwa a randa ya kurɓa, ya ji sanyinsa har haƙori, ya tsaya cak da moɗa a hannu.

“Shafa'atu!” ya ƙwala wa matarsa kira. “Mi yas sa ruwan randa ke da sanyi ko rana ta raba?”

Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Don ba ka sa mata hannu ba tukuna, Maigida.”

“Yumɓu na! Yumɓu shika tsatsar ruwa, iska ta buga, sanyi ya sauka. Masu ƙera mashin duk da karatunsu ba su taɓa shan ruwan randa ba, shi yas sa abin ya shige musu duhu. Zan mai da inji randa.”

Shafa'atu ta ajiye rariya, ta dube shi sama da ƙasa. “Agogon bangonmu ma haka kac ce za ka gyara. Yanzu kaza ke ƙwai cikinai.”

Bai saurare ta ba, ya zarce gidan Gwaggo Dela, ƙanwar ubansa, wadda duk tukunyar kirki da ke Sharabi hannunta ne ya gina. Ya zayyana mata shirin. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta tofar da goro.

“Kai ɗan nan, yumɓu in ya ji wuta tukunya shika zama. Tun ba a haihi ubanka ba nika wanga aiki.”

“Gwaggo, wancan yumɓun gargajiya na. Nawa na kimiyya.”

“To ɗiba. Ga shi nan jibge. Amma kada ka ce ma kowa daga gidana kas samo shi.”

Jajiberin kasuwa ya duƙufa. Kun san tsage-tsagen ƙarfen nan da ke jikin injin babur, waɗanda iska ke ratsawa ta kwashe zafi? Namadi ya ce maɓoyar ƙura ce kawai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cusa yumɓu, ya daddanna da babban yatsa, ya yaɓe kan injin baki ɗaya ya shafe shi sumul. Har zanen ado ya yi masa da tsinke. Ya ɗaure jarkar ruwa kan tanki, ya sayo siririn tiyon ƙarin ruwa a kemis ya jona, yadda ruwa zai riƙa ɗiga kan yumɓun. Sannan ya kwance makwararar baƙin mai ya tsiyaye fiye da rabi a tsohon gwangwani.

Sufyan da ya zo wucewa ya ga wannan na ƙarshen, ya riƙe baki.

“Namadi, baƙin man kaka zubarwa? Shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe, shi ke rage zahin ma!”

“Ka taɓa ganin mai ya sanyaya abu? Je ka tambayi mai ƙosai abin da mai shika yi cikin kasko.”

“Allah shi kyauta.”

“Amin. Shi kyauta maka hassada.”

Ranar kasuwa da azahar, ƙarti suka cicciɓo Ɗanliti daga ɗakinsa, jikinsa na ƙamshin saiwoyi, damatsa cike da kambu da layu, suka ɗora shi bayan Namadi. Babur ya yi ƙasa har taya ta kusa sumbatar madigadi. Mata suka yi guɗa. Namadi ya gyara zaman tabarau, ya buga kik, ayarin babura ya bi shi a baya.

Abin haushi, da farko abin ya yi kamar zai yi. Hanya a buɗe, iska na kaɗawa, yumɓu a jiƙe. Namadi ya kumbura kamar an hura salka. Duk ƙauyen da suka ratsa sai ya rage gudu ya nuna injin da ƙafa, yana ihu: “Ku kalla da kyau, gobe sai da kuɗi!” Har ya fara lissafin inda zai kafa shago, da irin kujerar da zai zauna yana ba yara umarni.

Ana wata ga wata. Dab da shiga Illo akwai wata siririyar kwalbati, nan wata motar albasa ta karye ta gicciye, ta bar 'yar hanyar da ba ta fi ta wuce amalanke ɗaya ba. Motoci, amalanken shanu, jakuna da mangala, mata da ƙwarya a ka, ga garken Fulani da ya ɓullo daga gefe ya cusa kai, kowa na son ya riga kowa. Rana kuwa ta buɗe ido sosai, iska ta ɗauke ɗif.

'Yan ayari suka bi shawarar Sufyan, kowa ya kashe injinsa, in an matsa ya tura da ƙafa. Namadi kaɗai ya bar nasa yana ruri. Ya damƙe kuloci, yana murza totur don kowa ya ji, ƙafafunsa biyu a ƙasa suna tokare da nauyin Ɗanliti.

“Kashe, mu riƙe muku!” in ji Sufyan.

“Matattu ke kashewa. Dubi nawa, awa yanzu anka hiddo shi daga rijiya.”

Aka matsa taku kaɗan aka tsaya. Aka ƙara matsawa aka tsaya. Ruwan da ke ɗiga kan yumɓu ya fara cewa cuu, tururi na tashi.

“Injiniya,” in ji Ɗanliti a hankali, “ina jin ɗumi ga ƙwaurina.”

“Sanyi na shika korar zahi, zahin ke gudu ta wajenka. Alamar aiki ke nan.”

Ɗanliti ya gyaɗa kai, ya yarda.

Ba a jima ba tiyon kemis ya taɓa jikin salansa, ya narke ya nannaɗe kamar tsutsa. Ruwan jarka duk ya tsiyaye kan wandon Namadi, daidai inda bai kamata ba. Wata mai tallan gyaɗa ta kalli wandon, ta kalli fuskarsa, ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Yumɓu kuwa ya bushe, ya yi fari, ya soma komawa ja. Muryar inji ta sauya, wani ƙwas-ƙwas na fita daga ciki kamar ana taunar tsakuwa. In ya murza totur, sai babur ya yi nishi kafin ya motsa.

Nan Injiniya ya shiga bincike. Ya sunkuya ya taɓa kan fulogi, ya janye yatsa da sauri ya cusa a baki.

“Fulogi na,” in ji shi da yatsa a baki.

“Ba fulogi ba ne,” in ji Sufyan.

“To man kwalba na, wanda anka gauraya.”

“Wuri guda munka sha mai da kai.”

“To idonka na. Tun gida kaka kallon injin ga.”

Direban wata motar shinkafa ya leƙo ta taga. “Malam, mi kaka dahwawa nan ƙasa? Ƙamshin gidan maginiya nika ji.”

Jama'a suka kwashe da dariya. Namadi ya yi kamar bai ji ba, ya waiwaya ya ƙare wa fasinjansa kallo.

“Na gane! Layun ga naka su ke da zahi. Ƙarhin asiri ke sauka cikin inji. Cire guru ɗaya.”

Duk sanyin halin Ɗanliti, nan ya murtuke. “Taɓa shi ka gani.”

Namadi bai taɓa ba. Ya cire hularsa ya shiga yi wa inji fifita, shi da ya yi wa Sufyan gori kan fifita a gaban mutane. 'Yan ayari suka tuna masa, da ƙarfi kuma, har waɗanda ke can ƙarshen layi suka ji. Gumi ya wanke shi, babur na layi hagu da dama. Duk lokacin da ya karkata, Ɗanliti sai ya naɗe ƙafafu ya ƙanƙame shi ta baya har haƙarƙarinsa ya yi ƙara.

Wata Bafillata ta zo ratsawa da ƙwaryar nono. Namadi ya tare ta.

“Ke 'yar Fulani, nonon ga da sanyi?”

“Sanyi ƙalau, Kaɗo. A dama maka da fura?”

“Zuba nan.” Ya nuna injin.

Ta dube shi, ta dubi injin. “Shi ma yana sha?”

“Zuba dai, ba ruwanki.”

Ta cika ludayi ta zuba, ta ƙara. Wayyo, ƙauri! Nono ya tafasa nan take, ya yi kumfa, ya ƙone ya manne ya yi baƙi. Warin ya turnuƙe layin gaba ɗaya. Ƙudajen kasuwar Illo kaf suka yi sallama da mahauta suka taho. Wani ramammen kare ya biyo ƙamshi ya kai harshe, ya yi ƙara ya zura da gudu cikin garke, shanu suka firgita, wani bijimi ya goga wa babur ƙugu. Da Sufyan bai yi wuf ya tare ba, da tuni gwanin Sharabi na ƙasa.

“Allah shi ba ka lahiya, Kaɗo,” in ji Bafillata, ta ɗora ƙwaryarta ta yi gaba tana waiwaye.

Sai ga wata dattijuwa da ta zo kasuwa sayen tukwane. Ta tsaya, ta sunkuya, ta ƙura wa injin ido. Yumɓun nan ya gasu ya yi jawur, zanen tsinken ya fito raɗau. Ta ɗauki ɗan dutse ta ƙwanƙwasa yadda ake gwada tukunya, ya ce ƙal.

“Kai, ta gasu da kyau. Ɗana, ta sayarwa ce? Amma ina bakinta?”

Direban motar shinkafa ya kifa kai kan sitiyari yana dariya har hon ya yi ta kuka. Daga can cikin gari kuma aka fara jiyo gangar kokawa, alamar fili ya cika.

“Injiniya,” in ji Ɗanliti, “ganga ta tashi. Ƙwaurina kuma awa cikin murhu. Don Allah a kashe, su Sufyan su tura mu.”

Wallahi da Namadi ya ji wannan magana da an wanye lafiya, don filin bai fi a hango rumfunansa ba. Amma a tura Injiniya? A gaban Illo da Madikali? Ya gwammace a yanka shi. Ya waiga, idonsa ya faɗa kan wani mai zoɓo a gefen hanya, da bokitinsa cike da ruwan ƙanƙara. Ya miƙa hannu ya fizgo bokitin, kwalaben zoɓo na zubewa.

“Kada ka zuba!” Sufyan ya daka tsawa. “Ƙarfe mai zahi in ya ji sanyi tsagewa shika yi! Kashe shi, mu hwasa yumɓun ga iska ta shiga!”

“Ka zuba ido ka sha kallo,” in ji Namadi, ya sheƙa.

Tau! Kamar an harba bindigar toka. Tukunyar ta tarwatse, tsingaro mai zafi ya watsu ko'ina, tururi ya yi sama ya rufe su. Injin ya yi wani tari guda ya ɗauke. Tafasasshen ruwa da garwashin yumɓu suka sauka kan ƙwaurin Ɗanliti na dama, daga idon sawu har gwiwa. Ƙato ya kurma ihu, ya yi tsalle sama.

Da tururi ya washe, sai ga Ɗanliti tsaye tsakiyar hanya, ƙafafunsa biyu dumu-dumu cikin ɗanyen kashin shanu.

Dariya ta ɗauke. Ɗanliti ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa, bai ko kula da ƙunar ba. Daidai lokacin kuma aka samu aka janye motar albasa, hanya ta buɗe fayau, kowa ya tada injinsa.

Namadi ya taka kik. Kik ya ƙi motsi, ya sandare kamar an dasa shi. Ya hau da ƙafa biyu ya yi tsalle a kai, ko gezau. Baƙin mai na tsatsa ta wata tsaga a kan injin.

“Ya buga,” in ji Sufyan. “Ka kashe shi har lahira.”

“Hutawa shika yi.”

Sufyan ya ɗauki Ɗanliti suka wuce, ayari ya bi su, aka bar Injiniya da mai zoɓo riƙe da wuyan rigarsa.

Ko da ya iso fili yana tura gawar babur, jiƙe sharkaf, yana warin ƙonannen nono, ya tarar an gama magana. Sarkin fili ya duba ƙafar Ɗanliti, ya ga fata ta saluɓe ta yi bororo, ya ce ba zai bar mutum ya shiga kokawa da ɗanyar ƙuna ba, ko shi wane ne. Ɗanliti ya roƙa, ya ce ko da ƙafa ɗaya zai shiga, ko babu asirin. Aka ce a'a. Yana zaune kan benci an shafa masa zuma a ƙwauri, ƙato guda hawaye na bin gemunsa. Ga Ma'azu can tsakiyar fili yana zagaye, yana jiran abokin karawar da ba zai zo ba.

Mutanen Madikali kuwa sun samu abin nema.

“'Yan Sharabi sun toya gwaninsu bisa hanya don kada shi sha kaye!”

“A'a, dahwa shi sunka yi, da nono!”

Mai hankali a nan sai ya nemi bayan rumfa ya laɓe. Namadi ya jingina babur, ya gyara tabarau, ya kutsa gaban 'yan Madikali.

“Ku rufa muna baki! Wa ke tsoron wancan? Tarin nama na kawai, ba dabara. Kokawa lissahi ce. Ni nan da kuka gani, in na kama mai jijiya guda, sai ya durƙusa.”

Tsautsayi, makaɗin fili na tsaye dab da shi. Ya ɗaga gangarsa ya rangaɗa, ya wage murya:

“Ga wani ya ce shi na! Sharabi ba ta ƙare ba! Mai lissahi, mai kama jijiya, ga hili ga mai doki!”

Fili ya ɗauki sowa. Namadi ya daburce. “A'a, misali nika badawa! Ku tsaya, ina da ciwon baya, likita ya hana ni...”

Ya juya wajen mutanen garinsu yana neman ceto. Bai taɓa ganin fuskoki masu son alheri irin na ranar ba. Su da kansu suka tuɓe masa riga, suka ɗaura masa warkin aro da ya zagaye ƙugunsa har ya yi saura, suka ɗauke shi caɗak suka dire cikin fili. Sufyan ne ya riƙe masa tabarau.

Ma'azu ya tsaya ya dubi abin da aka kawo masa: ƙirji kamar allon wanki, ƙafafu kamar sillen kara. Namadi ya shiga zagaye shi daga nesa yana karkaɗa yatsu, wai jijiya yake nema. Da Ma'azu ya yi taku ɗaya, sai ya zura da gudu. Aka yi zagayen fili, 'yan kallo na kora shi ciki duk inda ya nufa, har warkin ya fara zamewa ya tsaya riƙo. Nan Ma'azu ya sa hannu ɗaya ya kama ɗamarar ta baya, ya ɗaga shi sama, ƙafafu na wutsil-wutsil.

Bai buga shi ba. Ya taka da shi a hankali har gaban bencin Ɗanliti.

“Abokina,” in ji Ma'azu, “kai nis so, Allah bai yi ba. Wanga naka na. Ina kaka so in aje ma shi?”

Ɗanliti ya share ido da bayan hannu. “Kada ka karya shi. Ina da aiki da shi.”

Ma'azu ya kwantar da Namadi a ƙasa sannu, kamar mai ajiye ƙwai, ya danna ƙirjinsa da yatsa ɗaya har bayansa ya taɓa ƙasa don alƙali ya gani. Ya goge hannu a cinya. Sannan ya kwance kambunsa ya miƙa wa yaransa, ya ɗaga hannu ya yi wa fili bankwana. An gama ke nan, ba bana, ba baɗi.

Namadi na kwance yana kallon sama ya ce, “Yashin hilin ga da santsi.” Wata tsohuwa ta jefe shi da ɓawon rake.

Da taro ya watse, rana ta yi sanyi, Sufyan ya kawo babur ɗinsa gaban Ɗanliti ya ce ya hau su tafi gida. Ɗanliti ya girgiza kai. Ya ɗingisa har inda mataccen babur yake jingine, ya haye, ya zauna daram, ya miƙe ƙonanniyar ƙafarsa kan tanki.

“Injiniya, zo.”

Namadi ya matso yana kakkaɓe yashi daga kunne.

“Gaban mutane kac ce za ka kai ni ka maido ni. Zuwa ya ɓaci. Saura komawa.”

“Ƙanena, injin ya ɗan... ka ga Sharabi da nisa, ga yashi, ga hawa...”

Ɗanliti ya ɗora masa hannu a kafaɗa, bai matsa da ƙarfi ba, amma sai da gwiwoyin Namadi suka lanƙwashe.

Haka aka kama hanya, Namadi na tura babur da Ɗanliti a kai. 'Yan ayari su yi gaba kaɗan su sami inuwa, su kashe injuna su zauna, su jira shi ya iso yana haki su yi masa sannu da aiki, su sake yin gaba. A hawan farko ya tsaya, harshe waje.

“Ɗanliti, don girman Allah, in ɗan huta. Jikina ya yi zahi.”

Ɗanliti bai ko waigo ba.

“In ka so a yaɓa maka yumɓu, Gwaggonka na da saura. Tura.”